Anti Tsari da Jirgin Asabar

Shekara goma sha bakwai ana bikin baje kolin finafinai a birnin nan, kuma ko sau ɗaya fuskar Anti Tsari ba ta taɓa fitowa a hoton rufe taro ba. Babu wanda ya hana ta shiga. Duk lokacin da manya suka jeru a kan dandamali suna washe baki, ita tana can ƙofar baya tana cacar baki da masu kwashe kujeru, ko tana neman jakar wani baƙo da ya manta a mota. Sunan ma direbobi ne suka laƙaba mata, don ba ta magana uku ba ta ce "a bi tsari" ba. Sunan ya bi ta, har takardun ofis wani lokaci da shi suke zuwa.

Da buga takardu ta fara a cibiyar al'adu ta birnin. Shekarar da aka ƙirƙiro bikin, zaure ɗaya ne, kwana uku, kujerun ma na aro daga wata makaranta. Ranar buɗewa aka wayi gari kujeru ba su iso ba, masu manyan riguna suka tsaya cirko-cirko kowa na kallon ɗan'uwansa. Ita ce ta fita bakin titi ta tare motar yashi, ta hau gaba, ta je ta kwaso su. Tun daga ranar aka ce to ke ce mai kula da tsare-tsare, kuma ba a tambaye ta ko tana so ba.

A hannunta bikin ya girma: kwana tara, zaure huɗu, otal biyu, baƙi sama da ɗari, kowa da irin tasa rigimar. Wannan ba ya cin gishiri, wancan ba ya kwana a ɗakin da ke kallon titi, waɗannan biyun kada a kuskura a haɗa su mota ɗaya don shekara shida ba sa ga maciji. Duk tana riƙe da su a ka.

Tana da wata hanyar aiki da ta sa wa suna zagaye. Saura wata guda biki, sai ta saka takalmi maras tudu, ta ɗauki laima, ta bi duk hanyar da motocin baƙi za su bi, a ranar da za su bi ta, a daidai lokacin. In bas zai wuce ta gaban babban asibiti ranar Talata da ƙarfe goma, to wata Talatar da ƙarfe goma za ka same ta tsaye a wurin tana kallon titi kamar wadda aka yi wa alkawari. Ta shiga zaure ta zauna a kujerun layi-layi, ta ja ruwan kowane bayi, ta soka cajar waya a kowane soket. Ta san lif ɗin otal yana maƙalewa in mutum ya wuce shida. Ta san maigadin ƙaramin zaure yana tafiya cin abinci da makulli a aljihu, shi ya sa ta yanko nata.

Sai dai tana da aibi ɗaya, kuma shi ne ya ci ta: ba ta ba da labari. Mahaifinta direban wani babban mutum ne har ya tsufa, kullum yana ce musu direban kirki shi ne wanda maigida ke barci a motarsa, ya farka bai san an wuce rami ba. Ta ɗauki wannan magana ta rungume. In ta gyara abu, an wuce wurin. In aka tambaye ta me ya sa motoci ke tashi da wuri ranar rufewa, sai ta ce, "Haka nan dai." Rahotonta na ƙarshen biki bai taɓa cika rabin shafi ba, alhali mai kula da ado, wanda aikinsa rataya kyalle ne da jera tukwanen fure, shafi goma sha biyu yake kawowa har da hotuna.

Bana aka kawo sabon Darakta daga wani gari. Mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare, in zai gaishe ta da hannu biyu a ƙirji yake rusunawa. Sati biyu da zuwansa ya kira ta ofis, ga rahotanninta na shekara goma sha bakwai a gabansa, duk ɗinsu ba su kai kaurin jarida ɗaya ba.

"Anti, na karanta duka," in ji shi. "Ma sha Allah, ko matsala ɗaya babu. Wannan aiki ai da kansa yake tafiya."

Wayyo, baiwar Allah! Ita ta zaci yabo ne, har da cewa, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

Sai da ya ci gaba ta gane inda aka dosa. Kwamiti ya ɗauko wani kamfani mai tsara taruka. Bana kamfanin ne zai riƙe jadawali da motoci, da direbobinsa da manhajarsa ta waya, ita kuma za ta taimaka. In an gama biki kwamiti zai zauna ya duba ko akwai sauran buƙatar kujerarta. Ya faɗa a tausashe, yana miƙo mata ruwan sanyi. Shekararta hamsin da uku, ba ta iya wani aiki ba sai wannan, kuma ba ta son wani.

Kamfanin ya turo wata mata 'yar kimanin shekara talatin da biyar, siririya, kullum da kwamfutar hannu rungume a ƙirji. Ma'aikata suka sa mata 'Yar Kamfani. A gaskiya ba muguwa ba ce, kuma tana da ƙwazo. Baƙuwa ce kawai a birnin, abin da taswirar waya ta faɗa mata shi ta sani.

A taron ƙarshe kafin biki aka haska jadawali a bango. Anti Tsari ta bi shi da ido har ta zo ranar Asabar, ranar rufewa, nan ta tsaya. An rubuta bas uku za su tashi daga babban otal ƙarfe uku daidai, tafiyar minti goma sha huɗu, a shiga babban zaure uku da kwata, a fara uku da rabi kai tsaye a talabijin. A cikin motocin nan akwai alƙalan gasa da ambulan ɗin sakamako, da duk wanda za a karrama. Shugaban birni zai zo uku da rabi, ya tafi ƙarfe huɗu.

Tsakanin otal ɗin da zauren akwai layin dogo, hanya ɗaya ce kuma ke tsallaka shi. Sati guda cur sai ka wuce ba ka ga jirgi ba. Amma duk Asabar, wajen ƙarfe uku, jirgin kaya yana zuwa ɗaukar siminti, kuma ba wucewa yake yi kawai ba. Gaba yake yi ya dawo baya yana haɗa taragai, shinge a sauke, minti arba'in in an yi sa'a. Shekara goma sha bakwai tana tsallakar da baƙinta kafin ya iso, ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Ta ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, ƙarfe ukun nan na Asabar, da an matso da shi biyu da rabi."

"Saboda me, Anti?" in ji Darakta.

"Akwai jirgi."

'Yar Kamfani ta taɓa kwamfutarta, ta ce cikin ladabi, "Manhajar tana lissafa cunkoso, Anti. Na gwada hanyar sau uku da kaina, ban ga komai ba."

"Wace rana kika gwada?"

"Anti," Darakta ya katse ta yana murmushi, "baƙi sun sha kuka da ke a kan fitar wuri, yana cikin takardun ƙorafi. In akwai wani abu, ki rubuto mana. Mu je batu na gaba."

Wani ya yi 'yar dariya a baya. Mai kula da ado ne, wanda sau biyu tana rufa masa asiri da kyallensa ya faɗo kan mutane. Ta sauke hannunta, kunnuwanta suna zafi. Ba ta rubuta ba. Da farko fushi ne ya hana ta, daga baya kuma wani tunani ya shigo.

Da yamma ta sami maigidanta a shagonsa na ɗinki da ke jikin gida, allura a baki, yana kalmasa bakin ƙafar wani wando. Ta zauna a kan bencin masu jira ta kwashe komai ta gaya masa. Ya cire allurar, ya dube ta ta saman tabarau.

"To Allah ya kawo miki. Ki bar shi ya fashe."

"Baban yara, mutum tamanin ne fa."

"Mutuwa za su yi? Zama za su yi a mota mai sanyi suna kallon jirgi, ai ma kallo ne, su da suka zo kallo. Ke kuma a san me kike tsare musu shekara da shekaru."

"Talabijin fa? Kujerun gaba wayam, duniya na gani?"

"Duniya ta gani mana! Maman yara, sau nawa zan gaya miki? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da 'yarki ta fari take naƙuda kina ina? Kina filin jirgi riƙe da kwali, kina jiran wani mai gemu da ko sannu bai ce miki ba. Ni na yi ta safa da marwa a ƙofar ɗakin haihuwa kamar ni ne uwar. Yau ga sakayyar da suka yi miki."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce, kuma 'yar ba ta manta ba har yau. Ta murza bakin mayafinta.

"Na faɗa musu a taro, sun ƙi ji," ta ce. "Na fita haƙƙinsu. Ba zan ƙara cewa uffan ba."

"Rantse."

"Ba sai na rantse ba."

Ya kwashe da dariya, ya mayar da allura baki. "Hali zanen dutse. Za mu gani."

Aka buɗe biki. Aikin da aka ba ta shi ne zama a wani tebur a harabar babban otal tana raba wa baƙi jakar tsaraba, mai ɗauke da hula da biro da littafin shirye-shirye. Matar da a da take tsayar da bas shida da ɗaga yatsa kawai! Direbobin kamfani suna wuce ta ko kallo babu, kowa ido a waya. Ma'aikatan otal da suka san ta tun da can suna gaishe ta a sunkuye kamar masu zuwa ta'aziyya.

Kuma duk da haka hannunta bai zauna ba. Rana ta biyu ta hangi mutum tara za su cusa kansu a lif, ta tashi ta janye uku da hira. Rana ta huɗu ta ji 'Yar Kamfani a waya tana neman maigadin ƙaramin zaure, ta aika mata da makullinta ta hannun mai shara, ta ce a ce tsintarsa aka yi. Rana ta shida ta sauya wa mutanen nan biyu masu gaba mota ba tare da kowa ya lura ba. Kullum in ta koma gida maigidan zai tambaya, "Yau wa kika ceta?" Sai ta ce, "Ƙananan abubuwa ne. Asabar ce maganar."

Asabar ta zo. Ta zauna a teburinta, ko shayi ba ta sha ba. Ta kife wayarta, ta juya wa agogon bango baya. 'Yar Kamfani da Darakta suna can zaure tun safe. Bas uku suna jere a waje, direbobi sun kwantar da kujeru suna jiran waya ta ce musu ƙarfe uku.

Wajen ƙarfe biyu da kwata ta lura da tsohon da ke zaune a kujerar kusa da ƙofa. Kowa ya san shi da Baba Ɗan Sanda, don shekara arba'in yana fitowa a fim a matsayin ɗan sandan da kullum sai ɓarawo ya tsere yake isowa yana haki. Yau za a ba shi lambar girmamawa ta tsawon rai, kuma shi ne farko a jerin, don shugaban birni ne zai miƙa masa kafin ya tafi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi bara, hannun hagu yana rawa. Tun sha biyu ya sauko cikin kayansa masu guga, ya ƙi jingina don kada su yamutse, ga takardar jawabi a ninke a tafinsa har ta jiƙe da gumi.

Ya yafito ta. Shekara goma sha bakwai tana kama masa hannu yana hawa mota, bai san sunanta ba, ko na laƙabin.

"'Yata, zo mana. Jikokina duk sun taru gidan babbansu, an kunna talabijin tun yanzu, wai kada a ɗauke wuta ba su gani ba." Ya yi dariya, gefen bakinsa ɗaya bai bi ba. "Shekara arba'in ina makara a fim ana biyana. Yau dai kada in makara. Ba za mu makara ba ko?"

"Ba za ku makara ba, Baba."

Bakinta ne ya riga ta. Ta tsaya tana jin maganar tana fita kamar wani ne ya faɗa. Ta koma teburinta ta zauna, ta gyara jakunkuna uku da ba su karkace ba. Ta ce wa kanta ai magana ce kawai, kowa ma haka zai ce wa tsoho. Ta ce wa kanta kujerarta ce ke cikin haɗari, da mutuncinta, da dariyar mai kula da ado. Ta ji haushin tsohon nan har wuya, me ya kai shi tambayarta, duk ga mutane cike da otal? Sannan ta juya ta kalli agogo. Biyu da minti ashirin da biyu.

"Kai, Allah wadaran hali irin nawa," ta ce a fili, ta miƙe.

Ta fita ta bubbuga gilashin motar farko. "Tayar da mota. An matso da lokaci, biyu da arba'in za mu tashi."

"Hajiya, waya ba ta ce ba," in ji direban.

"Wayar ce ta haife ka? Umarni ne daga sama. Tayar!"

Ƙarya ce tsagwaronta, ta kuma san ƙarya ce. Direban ya kira 'Yar Kamfani, layi a cike, ya sake kira, a cike. Ya dubi fuskar Anti Tsari, ya murza makulli.

Ta sa masu karɓar baƙi su biyu suka hau kiran ɗakuna, ita kuma ta bi matakala da gwiwoyinta masu ciwo, hawa huɗu, tana dukan ƙofofi da tafin hannu. Shugaban alƙalai ya leƙo da kumfar aski a haɓa, ta ce masa ya goge a mota, ya dai tabbata ambulan na aljihunsa. Wata babbar jaruma ta buɗe ƙofa ido ɗaya da kwalli ɗaya babu, ta zazzaga mata masifa tun daga ɗaki har harabar otal, ta ce wannan wane irin ƙauyanci ne, kuma sai ta kai ƙara. Anti Tsari ta ce, "Ki kai, ranki ya daɗe, amma ki kai daga cikin mota." Ta ƙirga kai tamanin da ɗaya da ido, ta kama hannun Baba Ɗan Sanda ta zaunar da shi a gaba, ita ta shige kujerar ƙarshe ta motar ƙarshe. Biyu da arba'in da huɗu suka bar otal.

Titi a cike yake da 'yan cefanen ƙarshen mako. Motocin suna tafiya kamar masu jin barci, tana ta dunƙule hannu a cinya. Motar farko ta haye layin dogo, ta biyu ta haye. Tasu na ɗora ƙafafun baya a kan ƙarfen, ƙararrawa ta fara kaɗawa. Ta waiwaya ta gilashin baya, ta ga mai tsaron shinge yana sauke sandarsa a gaban wata motar ɗaukar lemo, can nesa kuma ga kan jirgin ya ɓullo a hankali yana hayaƙi.

Ita kaɗai ta waiwaya. Sauran kowa na kan wayarsa, ko yana gyara hula, jarumar nan tana ƙarasa kwalli a madubi tana tsaki. Da Anti Tsari ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, ku dubi baya," da mutum talatin sun zama shaidunta. Da ta ɗaga waya ta ɗauki hoto, da shi ke nan. Wallahi ko a ranta bai zo ba. Ajiyar zuciya kawai ta yi, ta ce alhamdu lillahi, ta fara tunanin ko an buɗe ƙofar gefe saboda masu sanda. Sai da suka sha kwana sau biyu a titi, layin ya ɓace, sannan ta gane abin da ta yi wa kanta.

Sun isa uku da minti biyar, suka tarar da ƙofofi a rufe, jami'an tsaron shugaban birni suna bincike a ciki. Baƙi suka yi tsayuwar minti goma sha biyar a rana, kwalliya na narkewa. Jarumar ta cika alkawari, ta sami Darakta a bakin ƙofa ta wanke shi tas a gaban 'yan jarida. Ya hango Anti Tsari daga nesa, murmushin ma yana nan, amma ta ga ya rubuta wani abu a wayarsa.

Taro kuwa ya yi kyau, sai wanda ya gani. Uku da rabi daidai aka fara, kujerun gaba cike. Ta ji ta ƙofar baya lokacin da aka kira Baba Ɗan Sanda, zaure ya miƙe tsaye ana tafi. Ya kasa karanta takardarsa, ya yi kuka, ya gode wa Allah da iyayensa da shugaban birni da mai ɗinka masa kakin fim. A ƙarshe Darakta ya hau ya ce bana an shiga sabon zamani, ya kira 'Yar Kamfani ta fito aka yi mata tafi.

Da ta koma gida maigidan yana gaban talabijin, ya ga komai. Ta jira ya yi mata dariyar da ya saba. Bai yi ba. Ya tashi ya ɗebo mata ruwa a roba ya ajiye ta sa ƙafafunta, ya koma shago, ta daɗe tana jin keken ɗinki na gudu ba tsayawa. Wannan shirun ya fi mata dariyar ciwo.

Ranar Litinin da safe aka kira ta ɗakin taro. Darakta ne da mutum uku na kwamiti, 'Yar Kamfani a gefe da kwamfutarta. Aka karanta rahoton biki. Kwana tara, fim sittin da biyu, zirga-zirgar mota sama da ɗari biyu, matsala ɗaya tak aka samu: ranar rufewa wata ma'aikaciya ta sauya lokacin tashin motoci ba da izini ba, ta yi amfani da sunan shugabanni, ta jawo manyan baƙi suka tsaya a rana.

"Anti, haka aka yi?" in ji Darakta.

"Haka aka yi, ranka ya daɗe. Amma jirgi ne. Da mun tashi ƙarfe uku, da muna bayan shinge har shugaban birni ya tafi. Na faɗa a taro."

"Kin rubuta?"

"Ban rubuta ba."

"Na tambayi direbobin nan uku, babu wanda ya ce jirgi ya tsayar da shi. Na tambayi shugaban alƙalai, ya ce bai ga jirgi ba."

"Ai ba za su gani ba, tunda na tsallakar da su!"

Muryarta ta tashi, karon farko a ɗakin nan. Wani dattijo na kwamiti ya ce, "Haƙuri, Hajiya, haƙuri," da irin muryar da ake lallashin mai zazzaɓi. Ta dubi 'Yar Kamfani, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana goge gilashin kwamfutarta da gefen mayafi.

Darakta ya yi dogon jawabi mai daɗi. Ya ce ita uwa ce a wurin nan, tarihin biki ba zai cika ba sai da ita, amma kwamiti ya ga cewa tsari biyu ba sa tafiya a mota ɗaya. Ya turo mata takarda a farin ambulan, ya ce ƙarshen wata za ta ajiye aiki, kuma za a shirya mata 'yar walima. Ta karɓa da hannu biyu, don haka aka koya mata karɓar abu daga na gaba, ta ji kamar ta mari kanta.

Tana cikin dogon barandan ofis, ta kusa matakala, ta ji takun takalmi a bayanta da sauri. 'Yar Kamfani ce. Ta waiga ta tabbata babu kowa, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Anti, jiya na je wurin mai tsaron shingen. Ya nuna mini littafinsa. Uku saura minti biyu ya sauke, bai ɗaga ba sai huɗu saura kwata."

Anti Tsari ta tsaya cak. "To ki koma ki faɗa musu. Ga su can ba su tashi ba."

"Anti, in na faɗa, kamfani ne ya yi kuskure, kuma ni ce kamfanin. Wata uku ke nan da suka ɗauke ni. Yarana biyu, babansu ya rasu." Idonta ya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba ne. "Ki yafe mini. Makullin nan ma na san ba tsintarsa aka yi ba."

Abin da Anti Tsari ta ji a lokacin ƙiyayya ce, zalla, irin wadda ba ta taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ta so ta tofa mata yawu. Ta so ta ja ta da wuyan riga har gaban kwamiti. Ta tsaya tana numfashi.

"Sun ba mu bikin baɗi ma," 'Yar Kamfani ta ce, tana kallon ƙasa. "Ban san garin nan ba, Anti. Ban san me kuma ke ɓoye ba. In na maƙale, ko zan iya kiranki?"

Kai, jama'a, wani ƙarfin hali sai 'yan Adam! Anti Tsari ta buɗe baki don ta faɗi maganar da za ta ishe ta har tsufanta, maganar tana nan a kan harshe, a shirye. Sai ta tuna an ce baɗi za a rufe gadar asibiti don gyara, kuma duk motocin ranar buɗewa ta nan suke bi.

"Buɗe abin naki ki rubuta," ta ce.

Ta karanta mata lambar wayarta a hankali, hawaye na zuba, sannan ta maimaita don kada ta yi kuskure.